Dizal ko Mai Tukunyar Gas? Amsa ga Manomin Kirikasamma Mai Neman Hilux ta Hannu

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni manomi ne a yankin Kirikasamma. Ina noman shinkafa a fadama, da kaka kuma ina bin kasuwannin ƙauye ina sayen riɗi da zoɓo. Na tara 'yan kuɗi ina so in sayi Hilux ta hannu mai ogzilari, saboda hanyarmu da rani yashi ce, da damina kuma laka da ruwa. Dillali a Kano ya nuna mini guda biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko 'yar Kwatano ce, ƙirar 2008, mai shan gas, an rubuta D-4D a jikinta. Ta biyu ƙirar 2010 ce mai fetur, injin 2.7, wani kamfani ne ya yi aiki da ita, an ɗora mata tukunyar CNG a baya. Dillalin ya ce in na ɗauki ta biyun na huta da sayen mai. A wata nakan yi tafiyar da ta kai kilomita 2,000, ina shiga Kano kamar sau biyu, kuma ɗan wana ne zai fi tuƙa ta. Wacce zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya yi wa noman albarka, ya sa a saya a sa'a.

Kafin komai bari mu raba sunaye, domin a bakinmu kalmar gas abu uku take ɗauka, kuma na sha ganin an yi ciniki an gama, mai saye da mai sayarwa kowa da abin da yake nufi. Akwai gas na manyan motoci da tarakta, wanda zan riƙa kira dizal a nan. Akwai gas ɗin girki, LPG, wanda yake zama ruwa a cikin tukunya. Sai kuma CNG, iskar da ake haƙowa daga ƙasa a danna ta cikin tukunya da ƙarfin tsiya, ba ta zama ruwa. Tambayarka ke nan ita ce: ga mutumin da rayuwarsa take tsakanin fadamar Haɗeja da kasuwannin ƙauye, injin dizal na zamani ya fi, ko injin fetur da wani ya riga ya mayar mai shan CNG?

Na yi shekaru ina kula da motocin wani shirin noma a ƙasar Haɗeja kafin in buɗe garejina a Kano, saboda haka hanyoyin nan naku na san su da ƙafata da kuma taya. Amsata ba za ta yi wa dillalinka daɗi ba, amma zan bi da kai dalilan ɗaya bayan ɗaya domin ka auna da kanka.

Yadda tukunya ta shigo kasuwa

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu. A wannan shekarar ta 2023 gwamnatin tarayya ta kafa shirinta na mayar da motoci masu amfani da CNG, kuma a 2024 ana samun iskar a wajen naira 230 kan ma'aunin da yake daidai da litar fetur ɗaya ko fiye kaɗan. Duk wanda ya ji wannan bambanci dole hankalinsa ya tashi. Shi dizal tun tuni ba shi da tallafi, shi ya sa shekara da shekaru mutanenmu suka guje shi a ƙananan motoci, ya zama Hilux ɗin da ta cika ƙasar nan mai fetur ce, alhali a Turai da ƙasashe da yawa ta dizal aka fi sani.

To dillalinka bai yi ƙarya ba da ya ce iskar ta fi araha. Abin da bai faɗa maka ba shi ne inda ake samunta. Iskar daga Kudu take zuwa. Bututun da aka tsara zai kawo ta Arewa, daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, kilomita 614 ne, an ƙaddamar da aikinsa a 2020. Gidan CNG ba kamar gidan mai ba ne da za a haƙa rami a binne tanki a kafa famfo. Yana buƙatar injin matsa iska, da wuta tsayayya, da manyan motocin da za su riƙa kawo masa kaya a kai a kai in babu bututu a kusa. Irin wannan jari a manyan birane ake zuba shi, inda 'yan adaidaita da 'yan haya suke da yawa. Kuma iskar ba ta shiga jarka. Fetur ko dizal in ya yanke maka a bayan Marma sai ka tura yaro a babur ya sayo. CNG ba mai kawo maka.

Lissafin tukunya

A nan nake so ka ɗauki biro. Tukunyar da aka fi ɗora wa irin wannan mota ita ce mai girman lita 60 zuwa 65, ta ƙarfe. Ana cika ta zuwa matsi na ba 200 (ba, wato bar, shi ne ma'aunin matsi), wato kusan ninki ɗari na iskar da ke cikin tayar motarka. In ta cika tana ɗaukar abin da ya yi daidai da litar fetur 13 zuwa 15. Da rana tsaka a watan Afrilu ma ba ta kai haka, domin iskar tana ɗumi yayin da ake dura ta, agogo ya nuna ta cika, in ta huce sai ka ga allura ta sauka.

Hilux mai injin 2.7, a kan kwalta da kaya madaidaici, tana shan lita 12 zuwa 13 a kilomita ɗari. Ka ga tukunya ɗaya kilomita ɗari ce da ɗan ɗoriya. Daga Kano zuwa Haɗeja kuwa kilomita ɗari biyu ne ko kusa da haka, kafin ka miƙe zuwa Kirikasamma. Wato in ka cika a Kano ka kamo hanya, wajen Gujungu ko gaba da ita kaɗan motar za ta yi ƙara ta koma kan fetur da kanta. Daga nan har ka sake shiga Kano bayan mako biyu, motar fetur kake tuƙawa.

Ka ce sau biyu kake shiga Kano a wata. Mu ce kowane zuwa ka cika sau ɗaya ka yi zirga-zirgar cikin gari, ka sake cikawa za ka fito. A mafi yawa za ka yi kilomita 300 zuwa 400 a kan iska cikin 2,000. Sauran 1,600 ɗin duk fetur ne, kuma su ne na yashi da laka, inda motar ta fi shan mai. Abin da za ka rage a wata bai wuce kuɗin lita 40 zuwa 50 ba, a cire kuɗin iskar, a cire lokacin da za ka ɓata a layi. Ba a raina shi ba, kuɗi ne, amma tsakaninsa da "ka huta da sayen mai" akwai nisa.

Sannan ga abin da tukunyar ke ci a jikinka kullum, ko da iska a ciki ko babu. Nauyinta da ƙarafan da suka riƙe ta ya kai kilo 70 ko fiye, kusan buhun riɗi guda ke nan da kake ɗauke da shi dare da rana ba ka sayar ba. Kwanciyarta a bodi kuma tana cinye wurin buhu biyu ko uku, a daidai gaban bodi inda ya kamata kaya mai nauyi ya zauna. Ga mai zuwa Maigatari ranar Alhamis yana so ya cika mota ya dawo, wannan asara ce da ake ji a kowane sawu. In kuma a ƙarƙashi aka rataya ta a mazaunin safaya, an rage tsayin motar daga ƙasa, abin da saboda shi ka sayi Hilux tun farko.

Wani zai ce to a sa na girki mana, tunda shi ana samunsa a Haɗeja da Gumel da Dutse. Gaskiya ne ya fi yaɗuwa, tankinsa ya fi sauƙin nauyi, kuma ya fi kai mota nesa tunda ruwa ne. Amma kilo ɗaya na LPG aikin lita ɗaya da kusan rabi na fetur yake yi. In ka je wurin masu sayarwa ka ji kuɗin kilo, ka kwatanta da kuɗin lita ɗaya da rabi, yawanci ribar da ta rage ba ta da kauri. Kuma ina roƙonka kada ka bari wani ya ɗaura maka tukunyar girki ta gida a mota da tiyo. Tankin LPG na mota daban ne, yana da abin da ke tsayar da cikawa a kashi 80 cikin ɗari domin a bar wa ruwan wurin kumbura in rana ta yi zafi. LPG ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ya tsiyaya ba ya tashi sama, kwantawa yake yi a ƙasa yana jiran wuta.

Abin da iska ke yi wa inji

Injin 2.7 ɗin da ke cikin motar, 2TR sunansa, yana cikin injinan fetur da na fi yarda da su. Sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, kayansa sun cika Ƙofar Ruwa, kuma duk bakaniken da ke Haɗeja ya taɓa buɗe shi. Yana karɓar iska da kyau. Toyota da kanta ta ƙera ƙanensa mai shan LPG tun daga kamfani domin motocin tasi a Japan da Hong Kong. Sai dai waɗancan an shirya su domin haka tun farko.

Fetur ruwa ne. In ya shigo yana sanyaya bawul, yana barin ɗan abin da ke rage gogayya tsakaninsa da mazauninsa. Iska busasshiya ce, ba ta yin wannan aikin. A hankali mazaunin bawul ɗin fitar da hayaƙi yana cinyewa, bawul yana nutsewa, har ya daina rufewa sosai, ya ƙone. Abin yana sauri in wanda ya haɗa kayan bai saita su daidai ba, iskar ta yi kaɗan a kan abin da injin ke buƙata, ko in ana tilasta wa motar jan kaya mai nauyi a kan iska. Kai kuma ba ka san wanda ya haɗa wannan ba, ba ka san kilomita nawa ta yi a haka ba.

Bayan wannan, iskar tana cinye wurin da iskar shaƙa za ta shiga silinda, shi ya sa ƙarfin mota yake raguwa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. A titin Zariya ba za ka ji ba. A tudun yashi da buhu goma a baya za ka ji. Duk waɗanda nake sa wa kayan nan ina gaya musu in an shiga yashi ko an ɗauki kaya a danna maɓalli a koma fetur. Ina kuma gaya musu kada tankin fetur ya sauka ƙasa da kwata, domin da fetur motar ke tashi kafin ta yi ɗumi ta juya, kuma famfon da ke cikin tanki man ne ke sanyaya shi.

Ni ba maƙiyin CNG ba ne. A garejina ina haɗa shi, kuma ɗan hayar da ke kai da komo cikin Kano yana wuce gidan iska sau biyu a rana, in ya zo mini ba na bari ya fita sai na nuna masa yadda zai mayar da kuɗinsa. Motar da ta dace da shi ce ba ta dace da kai ba.

Dizal ɗin ma iri biyu ne

In mutanenmu suka ce injin dizal ba ya mutuwa, tsofaffin suke nufi: 3L da 5L na Hilux, 1HZ mai silinda shida na Land Cruiser, TD27 da TD42 na Nissan. Waɗannan ba su da tabo (turbo, na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska), famfonsu mai sauƙi ne, nozul ɗinsu ana kwancewa a wanke a saita a mayar. Suna haƙuri da mai marar kyau har wani lokaci. A shirin da na yi aiki muna da masu 5L, kuma abin da muka fi saya musu filta ne da bel ɗin taimin in lokacinsa ya yi. Ba su da gudu, a kwalta kowa wuce su yake yi, amma safiya ba ta taɓa wayewa sun ƙi tashi ba matuƙar batir da hita suna da lafiya.

D-4D ɗin da aka nuna maka wani abu ne daban. Mai yiwuwa 2KD ne mai lita 2.5, ko 1KD mai lita 3. Yana da tabo, kwamfuta ce ke sarrafa shi, kuma yana tura mai da matsin da ya haura ba 1,300 ta cikin ƙofofi sirara kamar gashin kai. Da wannan ya sami ƙarfinsa da ƙarancin shan mansa. Irin wannan motar lita 8 zuwa 10 take sha a inda mai fetur ke shan 12 zuwa 13. In ka raba za ka ga ko da litar dizal ta fi ta fetur tsada da kashi ɗaya cikin uku, tafiyar kilomita ɗaya kuɗinsu ɗaya ne. In tazarar farashin ba ta kai haka ba, mai dizal ce ke da riba, kuma ribar tana bin ka ko'ina, har cikin fadama. Farashi yana motsi kullum, musamman tun da matatar Dangote ta fara fitar da dizal a farkon 2024 da fetur a watan Satumba na shekarar, saboda haka ranar da za ka saya ka tsaya a gidan mai ka yi wannan lissafin da alƙaluman ranar.

Matsalar ita ce wannan injin ba ya yafe mai marar kyau. Dizal da kansa shi ne man shafawar famfo da injekta. In aka surka shi da kananzir, santsin ya ragu, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. In ruwa ya shiga, tsatsa ta kama. In ƙurar hunturu ta sauka a mazurari a buɗe, ta bi ta goge bakin injekta. Na karɓi wata irinta daga yankin Guri, mai ita ya yi wata huɗu kacal da saye. Ya sha mai a jarka ranar kasuwa domin gidan mai ya yi nisa. Da muka buɗe filta, ruwa ne ya fara zubowa kafin mai. Fitilar gargaɗi ta kama kwana biyu kafin nan, direban bai san ma'anarta ba. Injekta huɗu da famfo muka canza, kuɗin ya isa ya noma masa shinkafar rani, motar kuma ta yi mako uku a Kano ana tsakiyar kaka. Har yau abin yana damuna, domin da an buɗe ɗan famfon da ke ƙasan filtar an zubar da ruwan nan, aikin minti biyar ne.

Ka kuma sani motar Turai an yi ta ne domin man Turai, wanda tun 2009 sinadarin salfa a cikinsa bai wuce 10 cikin miliyan ba, mu kuwa mun yi shekaru doka ta yarda da har 3,000. Taka ƙirar 2008 ce, galibinsu ba su da matatar hayaƙin nan ta cikin salansa da ke toshewa a waɗanda suka biyo baya, wannan sa'a ce. Duk da haka juyen baƙin mai kada ya wuce kilomita 5,000, kuma in an dawo daga doguwar tafiya a bar ta ta yi minti ɗaya ko biyu a silo kafin a kashe, saboda tabo.

Yashi, laka da ruwa

A aikin daji D-4D ta fi, ba na jayayya. Ƙarfin janta yana zuwa tun injin yana juyi 2,000 a minti ko ƙasa da haka, shi kuwa 2TR sai ya kai wajen 3,800 yake ba da nasa cikakke. Mai dizal tana tafiya a hankali cikin yashi ba ta haƙa wa kanta rami, mai fetur sai an taka ta, kulocinta kuma ya fi shan wahala. Amma kada a ruɗe ka cewa mai fetur ba ta shiga. Rabin motocin da ake kafewa da su a jigawa, iskar taya ce ta yi yawa. Ka sauke ta zuwa rabin abin da kake sawa a kwalta, ka sa ƙaramar giyar ogzilari tun kafin ka shiga ba bayan ka nutse ba, ka ga abin mamaki. Ka ajiye famfon taya a mota domin in ka hau kwalta ka mayar.

A ruwa, dizal ba shi da fulogi da koyil da za su jiƙe su kashe mota. Sai dai in ruwa ya shiga ta hancin iska, ɓarnarsa ta fi muni, domin matsinsa ya kusa ninka na fetur, nan take yake lanƙwasa konrod, ƙarfen da ke riƙe fistin. Bayan ambaliyar 2022 na ga irin wannan fiye da sau ɗaya. Ita kuwa mai tukunya an ƙara mata abubuwan da ruwa da gargada ba sa so: ƙaramar kwamfuta ta biyu, wayoyin da aka yanka aka haɗa, tiyon ruwan lagireto da aka ja zuwa na'urar rage matsi, da bututun ƙarfe mai ɗauke da ba 200 da ya bi ta ƙarƙashi, inda kututture da dutse suke jira.

Wa zai sha mata mai?

Layin ƙarshe na tambayarka shi ne ya yanke mini hukunci. Da kai ne za ka riƙa tuƙa ta, ka ajiye duro mai murfi a gida, ka cika shi daga gidan mai guda da ka yarda da shi a Haɗeja, ka bar shi ya kwana ya kwanta kafin ka ɗiba, ka ƙara filta mai raba ruwa, da sai in ce ka ɗauki D-4D in ta ci jarrabawar da zan faɗa. Dizal ma ya fi daɗin ajiyewa a gida, domin ba ya kama wuta da sauƙi kamar fetur, kuma bayan gobarar tankar fetur da ta faru a Majiya a watan Oktoban 2024 ba sai an gaya wa ɗan Jigawa abin da fetur ke yi ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Amma ɗanka ne zai riƙe ta. Ba ina zarginsa da komai ba ne. Yaro ne da za a aika kasuwa mai nisa, magariba ta yi masa, allura ta sauka, ga 'yan bumburutu a bakin hanya. Kowa a matsayinsa zai saya. Injin 2TR zai sha wannan man, ya yi tari, a canza filta ko famfon tanki a Haɗeja a wuce wurin. D-4D tana iya kwanciya a kansa.

Saboda haka ga abin da zan yi in kuɗin nawa ne. Zan ce wa dillali ya ƙara mini mako biyu ya nemo Hilux mai 5L, irin waɗanda ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu suke sayarwa in sun gama da su. Ita ce aka yi domin irin hanyarku da irin manku. In ba a samu mai lafiya ba, zan ɗauki mai fetur ɗin, amma a matsayin motar fetur zan taya ta. Ba zan ƙara ko kwabo saboda tukunya ba, hasali ma zan nemi ragi, domin an taɓa wayoyinta kuma ban san halin bawul ɗinta ba. In tukunyar ta tabbata mai kyau ce, ko dai a bar ta a riƙa morarta a hanyar Kano, ko ƙwararre ya sauke ta da kaka a sami wurin buhu. Ranar da gidan iska ya zo kusa da ku, lissafin nan gaba ɗaya zai juya, ka dawo mu sake yi.

Ranar dubawa

Ban ga motocin nan ba, kuma lafiyar motar hannu ta fi sunan injinta muhimmanci. Mai 2TR da ta ƙone ba ta kai D-4D mai lafiya ba. Aikina kuma ya fi yawa a kan Toyota, in dillali ya kawo maka wata ƙirar, ka nemi wanda ya saba da ita.

Tukunya za ka fara dubawa, domin ita ce ke iya kashe mutum. Ta gaskiya ba ta da walda a jikinta ko ɗaya, daga ƙarfe guda aka yi ta. A wuyanta an buga shekarar da aka ƙera ta, da matsin aikinta, da lokacin da wa'adinta zai ƙare, da lambar ƙa'idar da aka bi, ISO 11439 ko R110. In ka ga layin walda, ko an shafe rubutun da fenti, ko tsatsa ta ci ta, ko akwai wurin da ta lotse, kada ka yarda a sake cika ta ko sau ɗaya. A watan Oktoban 2024 wata mota ta fashe a gidan CNG a birnin Benin na jihar Edo ana cikin dura mata iska, mutane suka ji munanan raunuka, kuma tukunyar haɗin gida ce. Ka tambayi takardar wurin da aka haɗa kayan. Ka sa a zuba ruwan sabulu a kan kowane mahaɗi ka ga ko zai yi kumfa. Sannan bakanikenka, ba na dillali ba, ya auna matsin silinda huɗun. In ɗaya ta faɗi ƙasa da 'yan'uwanta sosai, bawul ya fara tafiya, ka cire kuɗin buɗe kan inji daga cinikin.

A D-4D kuwa a sa kwamfuta a karanta yadda kowace injekta ke aiki. A buɗe murfin baƙin mai injin yana aiki, in hayaƙi yana bugowa kamar tukunyar dambu, ringi sun tafi. Ka tambaya yaushe aka canza bel ɗin taimin, in ba takarda ka ɗauka ba a canza ba. Ka shiga ƙarƙashi da tocila ka ƙwanƙwasa shasi, domin a Turai gishiri suke zuba wa titi lokacin ƙanƙara, yana cin ƙarfe daga ciki, 'yan fenti kuma suna rufe shi da baƙi. Takardun kwastan ma ka tabbatar da su kafin ka ba da kuɗi, tunda ta Kwatano ta shigo.

A dukkansu ka leƙa ka ga farfelar gaba tana nan. Da yawa in ogzilari ya lalace sai a kwance ta a jefar, a bar sandar giya a ciki tana yaudarar mai saye. Ka fita da motar bayan gari ka sami yashi na gaske ka sa babbar giyar da ƙaramar ka ji ƙafa huɗun suna ja.

Kuma ka je da asuba ba tare da ka faɗi ranar ba. Kafin a murɗa makulli ka ɗora hannunka a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga ka an tayar da ita, ka ce za ka dawo gobe. In da sanyinta, ka tsaya a bayan salansa ɗanka ya tayar, ka ƙirga daƙiƙa nawa ta yi kafin ta kama, ka kalli launin hayaƙin farko. Shuɗi baƙin mai take ci. Fari mai kauri da ya ƙi yankewa, ko injekta ko gasket. Abin da kuka gani ka rubuto mini, da lambar da ke jikin injin da hoton rubutun wuyan tukunyar, in gaya maka abin da ya kamata ka taya.